Tsuntsun da Iya ta ɗinke cikin laya

A gidanmu na tsohon garin Agadas mu biyu ne rak, ni da kakata, sai awaki uku marasa kunya. Sunanta Azara, amma ni Iya nake ce mata, unguwa kuma ta bi bakina. Sana'arta dukanci. Tana ɗinka jakunkuna da matasai da gidan laya, har yatsunta suka rine da jan karan dafi, wanki bai taɓa fitar da shi ba. In sanyi ya shigo, da an idar da magariba sai ta jawo murhun ƙarfe bakin ƙofar ɗaki, ta zuba gawayi, ta ce in yi fifita. Wasu gidajen kakan ji yara goma sha suna amsa gatana baki ɗaya, muryarsu na tsallako katanga. A namu ni kaɗai ce mai amsawa. In ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanki," sai in ce ta zo in ji ta, da ƙarfi, don maƙwabta su ɗauka muna da yawa.

Uwata ta rasu ban cika arba'in ba, ban san kamanninta ba. Ubana, Bube, shi ma baduku ne, takalma yake ɗinkawa a bakin kasuwa. Dangi sun so a kai ni wurin wata goggo a Ingal, ya ce ba inda za ni. Iya a lokacin ciwon baya ya kwantar da ita, don haka shi ya ɗauki zane ya koyi goyo. Da ni a bayansa yake zuwa kasuwa, da madarar akuya cikin kwalba da ɗan cokali a aljihu. Mutanen gari ba su taɓa ganin irin wannan ba, sai suka laƙaba masa suna Inna Bube. Ko yara suna binsa da shi. An ce ba ya fushi, sai dai ya gyara ɗaurin zanen ya ce, "To, Innar tana gaishe ku." Abin da nake tunawa da kaina kaɗan ne: warin fata a rigarsa, da yadda muryarsa ke shigowa kunnena ta cikin bayansa in yana ciniki.

Ina da shekara shida takalman roba suka cika kasuwa, aiki ya mutu. Ya hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Libiya tare da sauran samari, ya ce mana kafin sanyi biyu ya dawo. Sanyi biyu suka wuce. A na uku wani direba ya yi sallama a ƙofarmu, ya miƙa wa Iya wata takarda a naɗe cikin leda, ya ce a Sabha Bube ya ba shi, ya ce a ba Mariyama, wato ni. Iya ta tambaye shi ko akwai wata magana, ya ce babu, sauri suke yi, mota na tafiya ya miƙo masa ta taga. Daga wannan takarda ba mu sake samun ko gaisuwa ba har yau.

Shafi ne guda da aka yago daga wani littafi. A sama akwai hoton tsuntsu, wani irin tsuntsu da ba wanda ya taɓa gani. Jikinsa baƙi, gashin kamar na tunkiya, ƙafafu manya irin na jimina, wuya shuɗi, ga wani jan tsoka na reto a maƙogwaro, a kansa kuma wani abu a kife kamar ƙoƙo. 'Yan tsaki uku masu zane-zane suna tsaye a gindin ƙafafunsa. A ƙasan hoton akwai rubutu layi uku, babba ɗaya da ƙanana biyu. Haruffan a rataye suke jikin wani dogon layi, kamar wanki a igiya.

Iya ta yafa mayafi ta ja hannuna, muka shiga gari neman mai karatu. Limamin unguwa ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce wannan ba Larabci ba ne, ba kuma ajami ba. Wani maƙeri Buzu da Iya ke yi wa gidan takobi ya ce ba rubutunsu na Tifinar ba ne, ko kusa. Mushen lakwal, malaminmu na boko, ya ɗaga tabarau ya daɗe yana kallo, don shi ba ya son a ce bai sani ba, sannan ya ce rubutun Sinuwa ne, mutanen ƙasar Sin, tsuntsun kuma wani irin talotalo ne na ƙasashen waje. Iya ta karɓe takardarta. A hanya ta ce mini, "In wannan talotalo ne, to ni ma ɗiyar sarki ce." Muka koma wurin liman, ya ce shi dai shawararsa, rubutu rubutu ne, ba a san ko da sunan Allah a ciki ba, kada a bari ya taɓa ƙasa.

Wannan magana ita Iya ta riƙe. A ganinta, uba ba zai aiko wa ɗiyarsa rubutu daga uwa duniya ba sai in tsari ne. Wataƙila wani babban malami ya samu a can ya rubuta masa. Tsari kuwa wurinsa ɗaya, wuyan mai shi. Ta bar ni na yi kwana bakwai ina kallon hoton, har na haddace shi kamar Fatiha. Rana ta takwas ta ninke shi ƙanana, ta yanko jar fata mafi kyau a cikin kayanta, ta ɗauki basilla ta ɗinke. Na yi kuka har da birgima. Ta rataya mini a wuya, ta ce, "Laya ba a buɗe ta, Mariyama. Ranar da aka buɗe, ranar ta tashi aiki." Daga nan ban sake ganin tsuntsun ba, sai dai in ji shi yana bugun ƙirjina in ina gudu.

Don ta lallashe ni, a wannan maraicen ta fara gatanar. Ta ce jimina tana da ƙane, shi kuwa a da yana tashi sama, ba kamar yayarsa ba. Wata shekara fari ya yi tsanani, rijiyoyi suka ƙafe, ɗan tsakonsa na kukan ƙishi. Sai ya naɗa rawaninsa mai rinin baba, ya bar ɗan tsakon wurin tsohuwar jimina, ya tashi neman ruwa. Ya yi ta tafiya har ya kai bakin wani kogi a ƙarshen duniya. Sarkin kogin ya ce ba a ɗibar ruwansa kyauta, sai a bar abin da aka fi so. Tsuntsu ya ce abin da ya fi so yana gida. Sarki ya ce to ya bar na biyu. Sai ya cire fukafukansa ya ajiye, ya cika ƙoƙo da ruwa ya aza a ka, ya juyo gida da ƙafa.

"Shi ya sa wuyansa shuɗi," in ji Iya, tana tona gawayi da tsinke. "Zufa ce ta narkar da baban rawani. Ƙoƙon kuma ya daɗe bisa kai har ya manne."

Na ce, "To, ai liman ya ce mace ce, tunda ga 'yan tsaki."

"Liman ya san Alƙur'ani, bai san tsuntsaye ba. Namiji ne."

"Ke ina kika sani?"

"Dubi ƙafafun nan da kika gani. Wace mace ce za ta yarda a zana ta da su?"

Kowane maraice tsuntsun yakan matso kaɗan. Yau ya kwana a Dirku, gobe ya tsaya Bilma masu gishiri sun ba shi dabino, jibi ya shiga hamadar Tenere yana bin sawun ayari. Wata rana dila ya so ya yaudare shi ya sha ruwan, ya yi masa shuri ɗaya, dila ya tafi yana ɗingishi har jikokinsa. Ni kuwa ina lissafin zango da yatsu. Amma na lura da abu guda. Duk gatanar da Iya ta yi, ta gizo ko ta kura, takan rufe ta da ƙungurus kan kusu, ta kakkaɓe zane ta tashi. Wannan kam ba ta taɓa rufe ta ba. Sai ta ce, "Ya gaji, bari shi huta," ta rufe garwashin da toka.

Kuma bai taɓa isowa ba. Da zarar ya kusa, har ya fara hango hasumiyar masallaci, sai wani abu ya faru. Ko guguwa ta juyar da shi, ko ya tarar da raƙumi ya faɗa rami ya tsaya taimako, ko ruwan ya zube ya koma ɗebo wani. Sanyi huɗu muna haka. Sau uku yana kaiwa bakin koramar Telwa, inda ni kaina nake zuwa kiwon awaki, Iya na mayar da shi Bilma.

Muna da maƙwabciya, Hajo mai fura, mace mai kirki a hannu amma bakinta ba linzami. Wata rana ina da shekara goma sha uku na je sayen fura, ta ga layar ta leƙo daga wuyan rigata. Ta ce, "Har yanzu kina rataye da takardar ƙunshin nan?" Na ce wace takardar ƙunshi. Ta ce, "Haba ɗiyata, kowa ya sani. Wani abu ubanki ya ƙunso a ciki, 'yan kunne ko zobe, direba ya zare ya kawo muku takardar. Wa ke aiko hoton kaza da 'ya'yanta daga Libiya? Shi kuma ki bar shi, wanda ya yi nisa ba ya jin kira." Ta zuba mini nono har da gyara, ba ta ma san ta yi ɓarna ba.

Maganar ta zauna mini daram, don ta fi ta Iya kama da gaskiya. A maraicen nan na yi fifita, wuta ta kama, Iya ta gyara zama ta ce ga ta nan. Na ci gaba da fifita. Ta sake faɗa. Na ce, "Kada ta zo."

"Mi ya same ki?"

"Ƙarya ce duka. Ba ƙoƙo, ba ruwa. Takardar ƙunshi ce kika ɗinke mini, kowa na yi mana dariya. Ya manta da mu, ke ma kin sani, shi ya sa ba ki bari ya iso."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta dube ni, ta dubi wutar, sannan ta ce a hankali, "Ni ma ɗana ne, Mariyama." Ta ɗauki tsinken ta rufe garwashin da toka tun bai ci rabi ba, ta shiga ɗaki. Na zauna a waje ina jin yaran maƙwabta suna amsa tasu gatanar.

Ba ta sake yin ta tsuntsu ba. Na so in ce ta ci gaba, girman kai ya hana, ni kuwa tun ina ƙarama taurin kai ne gadona. Muka ci gaba da zama bakin murhu, ita tana ɗinki da lalube, ni ina karatun lakwal da fitila, kowa da abin da ke cinsa. Ban cire layar ba, amma na tura ta can cikin riga. Shekara biyar bayan haka Iya ta rasu, a cikin sanyi, bayan gajeren ciwo. Da mata suka zo wanka na ga yatsun nan ja a kan tabarma, na tuna ban taɓa ba ta haƙuri ba. A ranar na cire layar na jefa cikin kwallar kayan ɗinkinta na rufe.

Na yi karatun jinya, na yi aure, auren bai daɗe ba, Allah kuma bai ba ni haihuwa ba. Na dawo gidan Iya, inda nake har yanzu, ba ko akuya. Aikina a asibiti ne, a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka tsinto a hamada. Na ga mutane iri-iri, masu komawa gida daga Libiya da masu haƙar zinariya na Jado da mota ta mace musu a hanya. Shekarun farko nakan duba fuskar duk wani dattijo da aka shigo da shi. Daga baya na daina.

Bara waccan aka kawo wani mutum siriri, baƙin gashi mai santsi, leɓɓansa duk sun tsage. Sunansa Rafik, mutumin Bangaladash ne, ya yi shekaru yana aikin gini a Libiya. Ba ya jin Faransanci, sai ɗan Larabcin kasuwa. Muka sa masa ƙarin ruwa kwana uku. Ranar da ya fara zama, na shigo da magani na tarar yana rubutu a wani ɗan littafi da ya ɓoye cikin wando duk tsawon tafiyar. Na leƙa, sai na ajiye tiren maganin na matsa kusa. Yana jan dogon layi, yana rataya haruffa a jikinsa, kamar wanki a igiya.

Da aka tashi aiki na je gida na buɗe kwallar. Layar na nan, fatar ta yi baƙi. Na daɗe da aska a hannu ina jin muryar Iya tana cewa ba a buɗewa. Tsoro nake ji, ba na tsarin ya karye ba, tsoron a ce Hajo ce mai gaskiya. Ɗinkin Iya kuwa ko bayan shekara talatin sai da ya ba ni wuya. Takardar ta fito ta yi laushi, zufa ta ci gefenta, ninkin ya raba tsuntsun gida-gida, amma yana nan da ƙoƙonsa.

Washegari na kira mai gadin asibitinmu, Malam Ilyasu, wanda ya yi zaman Sabha yana jin Larabcinsu, ya tsaya mana tafinta. Rafik ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya duba, sai ya yi murmushi irin na wanda ya gamu da ɗan garinsu. Ya ce harshensu ne, Bangali, kuma wannan shafi ne daga littafin yara na koyon sunayen dabbobi. Ya ce ma'aikatansu da yawa sukan taho da irin wannan, abin tunawa da 'ya'yan da suka baro. Ya aza yatsa a kan babban layin ya karanta: "Kyasowari."

Na ce a tambaye shi me kalmar take nufi. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce sunan tsuntsun ne kawai, ba ya nufin kome a harshensu, su ma aro suka yi. Babu shi a ƙasarsu, shi bai taɓa ganinsa ba sai a hoto. Na ce a raina, shi ke nan, shekara talatin ina adana darasin 'yan aji ɗaya. Har na miƙa hannu in karɓa, sai ya matso da takardar kusa da ido, yana bin ƙananan layukan biyu inda zufa ta ci. Ya yi magana, Malam Ilyasu ya sa ya maimaita, sannan ya juyo gare ni.

"Ya ce wai an rubuta, wannan tsuntsu ba ya tashi. Kuma wai macen in ta yi ƙwai tafiyarta take yi. Namijin ne ke kwanci, shi ke kiwon 'yan tsaki har su girma." Ya yi 'yar dariya. "Ikon Allah. Wai wannan na hoton uban ne."

Malam Ilyasu baƙo ne a unguwarmu, bai san kome ba. Ya ga na zauna a bakin gadon mara lafiya, abin da ba na yi, ya ce, "Madam, lafiya?" Ni kuwa ina ganin abin kamar a gabana: wani ɗaki a Sabha, ma'aikata sun dawo a gajiye, wani mutumin Bangaladash yana nuna littafin ɗansa, yana bayani da hannu da guntun Larabci, ubana ya kai kan wannan shafi ya fashe da dariya ya ce wannan ai ni ne. Bai iya boko ba, ajaminsa ma bai wuce sunansa ba. Sai ya roƙi shafin. Ban ga wannan da idona ba, ba kuma mai tabbatar mini, amma na san ba a ƙunsa zobe a cikin irin wannan takarda bisa kuskure. Inna Bube ne ya aiko da gaisuwa.

Daga baya na bi sunan a salula, don in ga ko wani harshe ya san shi fiye da haka. Faransawa suna cewa kazowar, kuma kusan duk inda na duba sunan ɗaya ne, kowa ya ɗan lanƙwasa shi daidai bakinsa. Asalinsa daga mutanen wasu tsibirai ne masu nisa inda tsuntsun yake zaune a cikin kurmi, an ce a can yana nufin kai mai ƙaho. Ban samu wani suna nasa da Hausa ba. Ashe baƙo ne a kowane harshe in ban da na gidansu. A Agadas dai na san mutum ɗaya da ta ba shi dangi da rawani da hanyar gida, ba tare da ta karanta harafi ko ɗaya ba, kuma da liman da mushe da Hajo da ni duk ta fi mu gaskiya. Namiji ne.

Na daɗe ina jin haushin al'adar nan da ta sa aka ɗinke wasiƙa aka hana ta magana. Amma da Iya ta bar ta a fili, da tuni awaki sun cinye ta, ko ni da kaina na jefa ta wuta a daren da na dawo daga wurin Hajo. Ɗinkinta ne ya tsare ta har mai karatu ya zo. Yanzu kuma na gane abin da ya sa take mayar da tsuntsun Bilma. In ya iso, sai in waiga ƙofa in ga ba kowa. In ya mutu a hanya, ta kashe ɗanta da bakinta. Hanya ɗaya ta rage mata, ya yi ta tafiya, ni kuwa na kira wannan ƙarya.

Rafik ya warke, an mayar da shi ƙasarsu. Ubana ban san inda ƙasa ta rufe shi ba, ko ma ta rufe shi. Da sanyin bana ya shigo na fito da murhun Iya, na zuba gawayi, na yi fifita. Na ɗauki basillarta na mayar da takardar cikin fatarta, ɗinkin ya fito a karkace, da tana nan da ta warware shi ta ce in sake. Na rataya a wuya. Yaran maƙwabta yanzu salula suke kallo, unguwa shiru. Na zauna har garwashi ya yi ja, sannan na ba ta amsar da na hana ta ina shekara goma sha uku. Na ce, "Ta zo in ji ta, Iya." Na jira kaɗan, sannan na rufe wutar da toka.